Lemon Iya Yelwa

"Ni da lemon nan kujera ɗaya za mu zauna a jirgin ƙasa." Haka na ji kakata, Iya Yelwa, tana gaya wa maƙwabciyarmu Dije ta kan katanga.

Shekarar rikici ce, Hausawan Fatakwal kowa na ɗaure kaya zai koma Arewa. Ni kuwa tun da na gama sakandare nake aiki a ofishin binciken tsirrai na bakin ruwa, inda ake tsare duk shukar da ta sauko daga jirgin ruwa har a tabbatar ba ta ɗauko ƙwarin wata ƙasa ba. Dashen lemon Iya bai taɓa bi ta wurinmu ba. Marigayi kakana ne ya saye shi hannun wani ma'aikacin jirgin ruwa a Kasuwar Creek Road, ya dasa a garwa. Na daɗe ina ganin ganyen yana dushewa kamar an watsa masa toka.

Da hantsi na tara farar takarda a ƙarƙashin reshe, na ɗan girgiza. Ɗigo-ɗigo suka zubo, suna motsi.

"Haulatu, bokanci kika koma?" in ji Iya. "To duba min, yaushe zan yi miji?"

Na ɗora gilashin ƙara girma. Ƙafa takwas, dangin kaska, jajaye, jikinsu a baje. Ba irin namu na gida ba ne. Irin waɗanda muke ƙona shuka saboda su ne.

"Ba ni in gani." Ta kanne ido ɗaya ta leƙa. "Kai! Wannan ai ya fi Dije ƙiba."

"Ina jin ki, tsohuwa!" Dije ta amso, muka kwashe da dariya.

A hankali na ce mata in aka kai su Arewa, za su bi gonakin lemon mutane su cinye. Na zaci za ta yi faɗa.

"To shi ke nan," ta ce da sauri, har da murmushi. "Ba za a kai wa bayin Allah annoba ba. Ku yi gaba, ni sai in zauna in yi jinyarsa."

Na leƙa ɗakinta. Kowa ya naɗe tabarma a gidan nan, ita ko kwano ɗaya ba ta sauke daga jere ba.

Na durƙusa kusa da ita.

"Iya, da a ce lemon nan lafiyarsa ƙalau, da za ki bi mu?"