Amawalin Agali

Damina uku Agali yana fama da kuncinsa na dama. In ya sunkuya jan guga sai ya ji kamar an aza masa dutsen niƙa a ƙarƙashin ido, ga majina mai wari ba dare ba rana. An yi ƙaho, an yi turare, an sha saiwoyi, ciwo yana nan daram. Har sujada ta zame masa aiki.

Da lokotoro Bafaranshe ya zo rangadi Dakoro daga Maraɗi, matarsa Intalla ta tasa shi gaba. Lokotoro ya latsa fuskar, ya ce mugunya ce ta taru cikin ƙashi, sai an tsaga ta ƙarƙashin leɓe an fitar.

Tsaga ba ta tsorata Agali ba, mutumin da raƙumi ya taɓa karya wa hannu bai ce uffan ba. Matsalar Hama ne, anfirme mai taimakon lokotoro, mijin 'yarsa, don shi ke fassara kuma shi zai riƙe fitila. Agali kuwa, bisa al'adar mutanensu makiyaya, tun da aka naɗa masa rawani babu surukin da ya taɓa ganin bakinsa. Ko shayi ta ƙarƙashin amawali yake kurɓa.

"Mu tahi gida," ya ce wa Intalla.

"Tahi kai ɗaya. Shekara arba'in ina ganin bakin nan, ba abin kallo cikinshi. Ni dai nishinka ya ishe ni, tausayi zai kashe ni."

Hama ya durƙusa, kai a ƙasa. "Baba, da akwai wani da na kauce. Wallahi babu."

Agali ya dubi matarsa. Kunya ta fi ciwon cinsa, amma ya ga idon Intalla ya kawo ruwa. Ya warware rawanin, ya kwanta, aka shaƙa masa maganin barci.

Da ya farka, kunci ya kumbura, amma nauyin nan ya tafi. Ya yi wuf ya kai hannu baki. A rufe yake. Ashe kafin a buɗe ƙofa Hama ya mayar masa da rawanin, naɗin ɗan manoma, a karkace kamar gammo.

Intalla ta tuntsire da dariya, ta miƙa hannu za ta gyara. Ya riƙe hannun.

"Bar shi," ya ce da ƙyar. "Ɗana ya naɗa mini."

Haka ya ratsa kasuwar Dakoro da shi, ana kallo, har ƙauyensu Ɗan Gulbi.