Mijin Hajiya na Finland

Hajiya Adama ta Ketare ba ta da aikin da ya wuce sakin mazajenta. Jikokinta maza ke nan, na cikin gida da na Yankara da na Faskari. Duk wanda ya shigo gaishe ta sai ta kushe masa kai ko ƙafa, ta ce ta fasa auren, shi kuma ya ce dama wa zai zauna da tsohuwa mai haƙora uku. A yi dariya, ta damƙa masa ƙuli-ƙuli. Jikan da bai taɓa zaginta ba, a wurinta bai gama zama jika ba.

Saura ɗaya, Uwais, ɗan Kamilu. Kamilu shi ne ɗanta na fari, wanda karatu ya kai shi Finland, aure ya riƙe shi a can. Yaron shekararsa shida, ba ya jin Hausa sai sannu, kuma ba ta taɓa ganinsa ba sai a wayar autarta Shafa'atu, a gindin rumbu, inda nan kaɗai sabis ke kamawa a gidan.

Wata Juma'a aka zaunar mata da shi a gaban waya, ta ƙare masa kallo.

"Wanga shi ne mijin nawa? Dibi kunnuwa kamar faifai. Na hwasa, a kai kasuwa!"

Kamilu, da duk digirinsa, sai ya juya ya fassara wa yaro maganar tsaf, har da faifan. Yaro ya taɓa kunnensa, bakinsa ya soma rawa. Ya ce, "Mummo on outo," ya zame daga kujera ya tafi. Juma'a ta zagayo bai zo ba, wadda ta biyo ta ma haka. Da ya ji muryarta sai ya shige ɗaki.

Abin ya ci Hajiya ƙwarai, har tuwo ya daina yi mata daɗi. Ba yaron take jin haushi ba, uban ne. Mutumin da aka haifa a gidan nan, wanda kakarsa ta yi shekara ashirin tana kiransa mai kan tulu, shi ne zai ɗauki wasa ya miƙa wa yaro kamar sammaci?

"Mi yac ce da zai tashi?" ta tambayi Kamilu a waya. Ba ta kama sunansa, ɗan fari ne.

"Hajiya, maganar yara ce."

"Kai, na ce mi yac ce?"

Da ƙyar ya faɗa. Mummo kaka ce. Outo kuwa abin da ba a saba gani ba, baƙon abu, wanda mutum zai kalla ya rasa gane kansa.

"Ni ce ba a saba gani ba? Ni da ke zaune inda aka haihe ni? Su da rana ke ƙin hwaɗuwa a garinsu?"

"Hajiya, can ba su san wasan jika ba. Bari in koya maki yadda za ki ce kina son shi, kalma biyu ce kawai."

Hajiya ta yi salati ta mayar wa Shafa'atu wayarta. Ina sonka! Maganar da ba ta taɓa faɗa wa mijinta marigayi Malam ba har ya koma ga Allah, ita za ta tsaya gindin rumbu tana faɗa wa jika, maƙwabta na ji? Baƙo ake yi wa daɗin baki. In ta fara lallaɓa Uwais kamar baƙo, to baƙon zai zama har ta mutu, abin da take tsoro ke nan.

"Ke Shafa'atu, aika ma matar yayanki. Kalmag ga da ya jehe ni da ita nika so. Ta koya mani yadda zan ce mashi shi ne."

"Hajiya, ƙara ɓata abin hwa za ki yi."

"Ke aka ɓata mawa?"

Surukar, baiwar Allah, ba ta yi musu ba. Ta turo saƙon murya a hankali kamar mai koya wa jariri: sinä olet outo, kai ne baƙon abu. Ta ƙara da tosi outo, wato abin ya kai maƙura. A ƙarshen saƙon ana jin tana danne dariya.

Nan fa gida ya shiga uku. Harshen da ya shekara saba'in yana Katsinanci ya ƙi lanƙwasuwa, Hajiya kuma ta ƙi haƙura. Tana ɓarar masara tana maimaitawa. Ta faɗa wa akuyar da ke cin sabulu, ta faɗa wa mai tallan manja da ya zo da hular sanyi a tsakar rana. Shafa'atu ta sake kunna saƙon har batir ya mutu, aka kai caji bakin kasuwa, aka dawo aka ɗora. In Shafa'atu ta gyara mata, faɗa. In ta yi shiru, faɗa.

"Mutane su rasa yaren da za su yi sai wanda aka yi da baki a tsuke," in ji Hajiya, ta sake gwadawa.

Ranar Juma'a bayan la'asar uwar ta shawo kan Uwais. Ya zo ya laɓe a bayan kafaɗarta, ya ja hula ya rufe kunnuwansa duka biyu. Ganin hular nan ya soki Hajiya a zuci, saura kaɗan ta karaya. Ta gyara mayafi, ta matso da fuskarta har hancinta ya cika wayar.

"Uwais. Sinä olet outo."

Kamilu ya dafe kai. Shafa'atu ta runtse ido. Yaro ya yi tsit, har Hajiya ta zaci sabis ne ya ɗauke. Can sai ya fito daga bayan uwarsa, ya nuna ta da yatsa.

"Ei! Sinä olet outo!"

Wannan ba ta nemi fassara ba, cewa ya yi a'a, ke ce baƙon abun.

"Tosi outo!" ta mayar masa.

Yaro ya fizge hular ya yar, ya zubo magana doguwa ba numfashi, yana nuna bakinsa yana nuna nata. Uwar ta kifa kai tana dariya. Kamilu ya soma 'yan kame-kame.

"Yadda ka kai mashi tawa duka, haka za ka kawo mani tashi," in ji Hajiya. "Kada ka rage komi."

"Ya ce... haƙoranki jajaye ne, kuma ba su da yawa. Ya ce shi ma ba ya aurenki."

Hajiya ta tafa hannu ta rangaɗa guɗa, kaji suka watse daga gindin rumbu. Hawaye ya zubo mata, ta share da bakin mayafi ba ta ko ɓoye ba. Kamilu ya matso yana son ya yi bayani, fuskarsa ta rufe rabin wayar.

"Kai, matsa can," ta ce. "Ka tare mani mijina, ba mu gama ba."