Makonni Ukun Cirar Gyaɗa

Sai da saƙon ya kwana bakwai a wayar Muzammil kafin in ji labarinsa, shi ma daga bakin uwarsa Hanne. Hanne ƙanwata ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Tun da mijinta ya rasu ni ke riƙe da gonarta a Toranke, ni kuma ke tsaye a kan karatun ɗanta, wanda shi ne na farko a gidanmu da ya taka jami'a. Ta same ni ina gyaran danga, ta ce, "Yaya Maiwada, wai an aiko wa yaron nan saƙo daga makaranta, ana so ya je ya ga wata babbar malama ranar Talata. Ko tuwon kirki ba ya ci."

A wurinmu idan babba ya aiko kiran yaro, to an yi ɓarna ne, kuma yaro ba ya zuwa shi kaɗai. Sai an samu dattijo ya shige gaba ya ba da haƙuri. Na tambayi Muzammil ko faɗa ya yi, ya ce a'a. Satar amsa? Ya rantse. Ban yarda da shi ba, don na san 'ya'yan yanzu. Ranar Talata na zura babbar rigata, na ɗaure zabbi biyu, muka hau babur zuwa Gaya, daga nan muka shiga mota zuwa jami'ar.

Na zaci zan tarar da wata jibgegiyar mata mai ɗaure fuska. Sai ga 'yar siririya da tabarau, ba za ta girmi ɗiyata ta fari ba. Malama Zara sunanta, ita ce mai kula da 'yan shekarar farko a sashensu. Duk da haka na tuɓe takalmi na durƙusa, zabbi na ta kuka a hammatata, na fara abin da ya kawo ni.

"Malama, kowane irin laifi ya yi, ƙuruciya ce. Maraya ne. A dubi Allah a yafe masa."

Ta miƙe da sauri ta jawo kujera. "Don Allah Baba tashi ka zauna. Ba ƙararsa aka kawo ba. Ni na neme shi, don ina so ya tsira da karatunsa." Zabbin kuma ta ce ba a karɓa, sai da na miƙa wa mai gadi ajiya, ina jin wasu 'yan mata na ƙyalƙyala dariya a baranda.

Ta shimfiɗa takarda a gabanmu, ta yi mini bayani da Hausa tsantsa. Kowane darasi maki ɗari ne. Sittin a babbar jarrabawa, arba'in a gwaje-gwajen da ake yi a tsakiyar zango. A babbar jarrabawa Muzammil ya kawo talatin da biyar, talatin da bakwai, abin da ta ce ba na daƙiƙi ba ne. Amma a gwajin tsakiya babu ko ɗaya, darasi biyar reras, don haka bai kai makin hayewa ba, duka biyar ɗin ya faɗi. Idan aka ci gaba a haka, jami'a za ta sallame shi.

"Muzammil," ta ce, "makonni uku na watan Oktoba ba wanda ya gan ka a aji. Ina ka je?"

Ya sunkuyar da kai. Ta sake tambaya, ya ce, "Laifina ne, Malama."

Ni kuwa na san inda ya je. Oktoba ai lokacin cirar gyaɗa ne. Ni na buga masa waya da bakina na ce ya taho gida. Ya ce, Kawu, akwai gwaji. Na ce gwajin me, ba ka ce jarrabawa sai ƙarshen zango ba? Na ɗauka karatu kamar noma ne, abin da aka auna a ƙarshe shi ne magana. Yaron nan ya zo ya yi mako uku yana duƙe a gona, yanzu ga shi zaune ana tambayarsa, ya ƙi ambatar sunana.

Na ce, "Malama, bar tambayarsa. Ga mai laifin nan da babbar riga."

Na jira faɗa, don na cancanci faɗa. Sai kawai ta tambaye ni wane iri muke shukawa, kwana nawa yake yi, kuma me ke faruwa idan aka makara wajen cira. Na ce in ruwa ya sake taɓa ta, tsirowa take a cikin ƙasa. Ta gyaɗa kai ta ce yara goma sha ɗaya ne a hannunta bana masu irin wannan sifili, kusan duk 'ya'yan manoma, kuma ni ne uba na farko da ya tako ofishinta.

Mun fi awa ɗaya a wurinta. Ta rage wa Muzammil darussan zango na biyu don ya samu numfashi. Ta haɗa shi da wasu 'yan shekara ta uku da ke yi wa ƙanana bita kowace Laraba. Ta ce ya riƙa leƙo ta duk mako biyu, ko yana da matsala ko ba shi da ita. Sannan ta juyo kaina ta karɓi lambata.

"Baba, darussa biyar ɗin nan sai ya sake su, kuma a zangon kaka ake yin su. Wannan ce damarsa ta ƙarshe. Ni zan riƙe shi a nan, kai kuma ka riƙe gona a can."

Na ce na ɗauki alkawari. A lokacin rani ne, alkawari bai da nauyi.

Da kaka ta zagayo sai komai ya haɗe mini. Ciwon baya ya kwantar da ni kwana shida. Na kira gayya, amma kowa na fama da tasa gonar, mutum huɗu kacal suka zo. Ga hadari yana ta haɗowa daga gabas kullum da la'asar. Ranar wata Juma'a ina zaune a ƙofar gida sai ga Muzammil da jaka a kafaɗa. Uwarsa ce ta kira shi a ɓoye.

"Yaushe ne gwajin?" na tambaye shi.

"Litinin, Kawu. Amma in na yi kwana biyar..."

"Ko ruwa ba za ka sha a gidan nan ba."

Hanne ta fito tana cewa abincin shekararta ne a cikin ƙasa, kuma gaskiyarta ne. Na ji zafin maganar har cikin raina. Amma na tada babur da bayan nan nawa mai ciwo, na ɗora shi, ban tsaya ba sai tashar Gaya. Yana hawaye yana cewa gonar uwarsa ce. Na ce na sani, shiga mota. Ban bar wurin ba sai da na ga motar ta hau titi, don na san halinsa.

Ruwan ya sauko ranar Lahadi. Kusan kashi ɗaya cikin uku na gyaɗar Hanne ya tsiro. Ta yi wata biyu daga gaisuwa ba ta ƙara mini ko kalma.

Ranar kasuwar Ajingi ce, bayan an shiga sabuwar shekara, wayata ta yi ƙara ina tsakiyar 'yan hatsi. Malama Zara ce. Ta ce Muzammil ya haye duka biyar ɗin, an cire sunansa daga jerin waɗanda za a sallama. Na yi ta jera mata godiya. Baiwar Allah nan ba danginmu ba ce, ba ta taɓa ganin Toranke ba, amma ta tsaya wa yaronmu a lokacin da ni kawunsa na kusa kashe masa karatu. Har in mutu ina ganin girmanta.

Na bar cefanen na nufi gidan Hanne. Tana tankaɗe na faɗa mata. Ta ajiye rariya, ta goge ido da gefen mayafi.

"Yaya, matar nan, ɗiyar wane ce? Ina so in riƙa sa ta a addu'a da sunan ubanta."

Na ce wallahi ban taɓa tambaya ba, Zara kawai na sani.

"To ya isa," in ji Hanne. "Allah ya san wadda nake nufi."