Ba Ya Cikin Manhaja

Malamin kimiyya ya gitta rula tsakanin tebura biyu, ya ɗora mata dutse a tsakiya. Rula ta lanƙwasa.

"Me kuka gani? To, in na ƙara wani fa?"

Haka yake koyarwa. Ba ya ba da amsa, sai ya ja yaro da tambaya har ya tsinto ta da kansa. Aji ya kaure da gardama, kuma wadda ta fi kowa baki ita ce Auta, 'yarsa ta cikinsa, wadda ya kafa wa doka: a gida Baba, a aji Malam.

Shugaban makaranta kuwa abin bai yi masa ba. Ya kira shi ofis ya wanke shi tas, wai iyaye na ƙorafin yara sun koyi tsaurin ido, jarrabawa hadda take so, in ya sake, to ya nemi wani aikin. Malam ya haɗiye, don yana da iyali a wuya.

* * *

Ranar Litinin Auta ta ɗaga hannu, ta nuna katakon da ke tallafe da rufi, daidai inda aka ɗora sabon tankin ruwa.

"Malam, me ya sa cikinsa ya sauko kamar rular nan?"

Ya ɗaga kai. Tambayar ta yi, ya sani, har ya buɗe baki zai ja ta gaba, sai ya hangi shugaba tsaye a taga.

"Ba ya cikin manhaja. Zauna."

"Baba..."

"Na ce zauna."

* * *

Ranar Alhamis ana cikin hutun tara katako ya karye. Yara duk suna waje, ban da ita.

Sai bayan sati biyu da binne ta ya iya buɗe jakarta. A shafin ƙarshe na littafinta ya ga lambobi: Litinin, Talata, Laraba. Ashe kullum da tara takan hau tebur ta auna tsakanin katako da ƙasa da zare, tazarar kullum raguwa take. A ƙasa ta rubuta, "Zan nuna wa Malam in ya huce."

Uwarta ta tsaya a bakin ƙofa tana tambayarsa me yarinyar ta rubuta. Ya sake bin lissafin layi-layi, yana fatan ya sami kuskure ko ɗaya. Bai samu ba. Ya zaro jan biro daga aljihu, ya ba ta cikakken maki.