Injin Jirgin Yahuza

Yahuza ya ɗora ƙaramar fankar a kan tsinken keke, ya hura mata iska. Ta juya, ta juya, ta tsaya ba tare da ta rinjaya gefe guda ba. Ya yi hamdala. Wannan fanka ita ce ta cinye cokulan matarsa Ummuhani, don daga jikinsu ya yanko fukafukanta, ya goge kowanne da zarto.

Da can makanike ne a wani gareji a cikin gari. Tun da rikici ya rufe unguwarsu, Kilomita Biyar, Musulmi ba ya wuce ƙarshen Titin Koudoukou ya tabbatar zai dawo. Garejin na can, injin sassaƙa ƙarfe na can, shi yana nan Yakité, cikin unguwar, kamar kaza a akurki. Wasu mazan suka kama shan shayi da gardama. Shi kuwa ya kama ƙera ɗan injin jirgin sama wanda bai fi butar shayi ba: gwangwanin maganin sauro ne gangar jikinsa, bututunsa daga mataccen firji, fankar nan kuma a cikinsa. Mutane na cewa zaman banza ya taɓa shi. Burinsa ɗaya ne, ya ji injin ya kama da kansa ko sau guda, ya san hannunsa bai mutu ba.

Bayan la'asar ya ɗaure shi da kusoshi a teburin tsakar gida. Ya gaya wa Ummuhani cewa zai yi ƙara, kada ta tsorata. Ta yi dariya, ta ce wadda ta shekara tana kwana da harbi ba gwangwani zai firgita ta ba. Ita da kanta ta ciro masa tukunyar gas daga madafa, ta koma ta zauna kusa da Inna, tsohuwarsa, tana tsince shinkafa.

Ya buɗe gas, ya kyasta ashana, ya sa famfon taya yana ba shi iska. Wuta ta kama. Injin ya fara gurnani, gurnanin ya sirance ya koma fito mai tsini, yana hawa yana hawa. Daɗi ya kama Yahuza. Saura ƙiris ya saki famfon, injin ya ci gaba da kansa.

Sai ya ji ƙofofin shaguna suna rufuwa a waje, ƙafafu na gudu, wata mata na kiran sunayen 'ya'yanta. A wannan unguwa, abin da ke yin irin wannan fito bam ne, faɗowa yake yi daga sama. Ya waiwaya. Shinkafa ta watse a ƙasa. Ummuhani na kwance rub da ciki a kan Inna, ta rufe kan tsohuwar da hannuwanta.

Ya rufe gas ɗin. Fiton ya sauko a hankali har ya mutu.

Ta ɗago, fuskarta duk ƙasa, kunya ta hana ta kallonsa.

"Na san injinka ne, Malam," ta ce. "Jikina ne bai sani ba."

Tausayinta da baƙin ciki suka haɗu suka kama shi.

"Ya tashi kuwa?" ta tambaye shi.

"Ya kusa."

Ya kwance tiyon gas ɗin daga jikin injin, ya ɗauki tukunyar gas ya mayar mata madafa. Sannan ya durƙusa yana taya ta tsince shinkafar daga cikin ƙasa.