Sangen Kankanar Magagi

Ga ta nan, ga ta nanku, masu kunne.

Ta zo mu ji ta, in da zaƙi mu lashe.

A Filinge, can gefen Dallol, an yi wani dattijo ana ce masa Magagi. Shekara talatin ya yi yana shara da feshin magani a gidan likita kafin ya aje aiki. Abu biyu ya fito da su daga can: ciwon baya, da ƙiyayyar duk abin da Allah ya yi wa fiffike. In ƙuda ya sauka bakin ƙwaryar furarsa, to ranar nan gidan ba zaman lafiya. Matarsa Rakiya ta saba, sai dai ta rufe da faifai.

Wata shekara, bayan an kai gero rumbu, mutanen wani porje na taimakon manoma sunka zo sunka kafa masa ɗakin shuka cikin garkarsa. Ƙarafuna ne, da leda bisa, da raga mai ƙananan ido ta kowane gefe. Mutanen unguwa sunka zo kallo, wata tsohuwa ta ce, "Ikon Allah, yau kuma kankana aka yi wa sange!" Sange, wato gidan sauro. Sunan ya bi ɗakin ke nan.

Shi ko Magagi daɗi kamar ya kashe shi. Ga shi dai a ƙarshe an yi wuri ɗaya a duniya da ƙwaro ba ya shiga. Malamin gonar porjen ya yi masa bayani mai tsawo, har da batun ɗage ragar gefe da safe in fure ya fito. Amma Magagi da ya ji "a tsare tsabta" sai kunnensa ya cika, sauran zancen ya zube ƙasa.

Jikin garkar akwai wani tsohon gawo, bisansa amya uku, wato ɗakunan ƙudan zuma da ake saƙawa da kara a shafe da kashin shanu. Na Albarka ne, tobashin Magagi, wanda ba su taɓa haɗuwa sun rabu ba a tsokani juna ba. Magagi ya tarar da shi gindin itacen.

"Kai bawana, sauke tarkacen ga naka."

"Wane tarkace, ubangijin tsintsiya? Sun girmi sangenka a wurin ga."

"Ƙwari ne. Ni na san ƙwari, aikina ne."

"Awo, ka san kashe su. To ka san abin da suke yi kafin ka kashe su?"

Albarka ya sauke amyoyinsa yana dariya, ya ɗora wa amalanke. Bai kai su nesa ba. Rakiya ta ce ya rataya su bayan gida, inda take da wani ɗan fili mai yagaggen shinge. Wurin nan ko kunya ce ga Magagi: zogale ba tsari, ɗoɗɗoya ta fito inda ta ga dama, ga fasasshen tulu da ruwan wanke-wanke ke taruwa ciki. Nan ta watsa ragowar irin kankanar da ya ce bai yi kyan shiga sange ba.

Ranar wata Juma'a, an fito masallaci, baki ya ɗebi Magagi. Gaban liman da dattawa ya ce azumin bana ba mai shan ruwa a masallacin nan sai da kankanarsa, tun daga ɗaya ga wata. Anka ce Allah ya nufa. Kun san namiji da maganar da ya faɗa gaban maza, ta fi rigarsa tsada.

Kankana ko ta yi kyau, tubarkalla. Ganye shar, yaɗo ya rufe ƙasa, ba huda ko ɗaya. Fure ya fito rawaya-rawaya, Magagi na zagayawa da hannu a baya kamar babban likita na duba majinyata. Sai dai fure ya buɗe da safe, ya rufe da rana, kwana biyu ya faɗi. Wani ya fito, shi ma ya bi ɗan'uwansa. Ɗan ƙullutun da ke gindin wasu furannin, wanda shi ne zai zama kankana, sai ya yi rawaya ya motse. Magagi ya ƙara taki. Ya ƙara ruwa. Ya sake feshi, ko da wani ƙwaro ya ɓuya. Ya toshe wata ƴar huda a raga da zare da allura. Shiru kake ji.

Azumi saura kwana arba'in da ƴan kai, barci ya soma gudunsa. Ran nan da hantsi Albarka ya leƙo ta raga.

"Sannu da jinya. Yaya masu jiki?"

"Tahi ka ba ni wuri."

"Zo in gwada maka abu, don darajar kakanmu, ba don halinka ba."

Ya shiga, ya tsinko fure mai siririyar wuya. "Wanga namiji ne." Ya nuna mai ƙullutu. "Wagga mace. Ka tara maza da mata ɗaki guda, ka kori maɗaurin aure, kana jiran suna. Ƙurar ga ta rawaya, zuma ka ɗaukar ta da ƙafa ta kai nan. Ka ce ba ka son ta, sai ka yi da kanka."

Ya fige ganyen furen namijin, ya goga kan furen cikin macen, ya miƙa wa Magagi, ya fita yana waƙar ƴan kai amarya.

Ai kuwa tun daga ranar, da an sallame asuba rana ta ɗan fito, sai ka ga Magagi duƙe cikin sange, tabarau a karan hanci, yana bin fure ɗaya-ɗaya. Mai ciwon baya fa! Kafin ya gama layi biyu rana ta yi zafi furanni sun rufe. Wani lokaci ido ya yaudare shi ya aurar da namiji ga namiji. Mata masu zuwa rijiya sukan tsaya su ce, "Baba Magagi, sannu da aikin ƙudan zuma!" Ya yi kamar bai ji ba. Aikin da ƙudan zuma ke gamawa kafin a dama koko, shi ya kwashe sati biyu yana yi, da nishi da salati.

Jajibirin azumi ya ƙirga abin da ya samu: kankana tara, babbar cikinsu ba ta fi kan jariri ba. Masallacin ko in an taru shan ruwa, mutum hamsin ne ba yara. Ya zauna bakin ƙofar sange ya riƙe kai.

Rakiya ta zo ta tsaya kansa. "Malam, taso ka kama mini wani abu bayan gida."

Rabon da ya taka wurin nan tun ranar da anka rataya amya. Ya bi ta yana kare fuska da hula. Ƙudan zuma na ta kai da kawo tsakanin furen zogale da ɗoɗɗoya, wasu sun jeru bakin fasasshen tulu suna shan ruwa bisa ƴan duwatsun da ta zuba don kada su nutse. Ƙarƙashin ciyawa kuwa, ga su nan kwance kamar tumaki sun ƙoshi. Kankana ce, ta irin da ya raina. Ya ƙirga har talatin ya bari.

"Wa ya yi miki aikin furen?"

"Baƙin da ka kora. Ni ruwa kawai na ba su."

Washegari da la'asar amalanke cike da kankanar bayan gida ya tsaya ƙofar masallaci. Da lokacin shan ruwa ya yi anka yanka, ja wur, zaƙi har kunne. Liman ya goge gemu ya ce, "Kai, abin zamani daban ne. Kankanar sange ba ta haɗu da ta sake ba." Dattawa sunka ce wallahi ko a baki ana jin tsabtar. Magagi ya sunkuyar da kai, anka ce kunya ce irin ta mutanen kirki. Albarka na can ƙarshen tabarma, ya ci yanka huɗu, ya ce shi dai a tasa yana jin ɗanɗanon fasasshen tulu. Ba wanda ya kula shi, an san halin tobasai.

Bayan salla Magagi ya naɗe ragar gefen gabas da hannunsa. Ya roƙi Rakiya irin ɗoɗɗoya ya shuka bakin ƙofa, ya fasa tulu sabo ful don ya samu kasko, ya rataye tulun feshi cikin zaure. Amya kuwa sai da ya yi wa Albarka zarya uku da goro kafin guda ta koma bisa gawo.

Yanzu in baƙi sun zo daga Bonkuku ko Damana ganin sange, Magagi ke tsayawa yana koya musu darajar ƙudan zuma, yana cewa shi tun yana gidan likita ya gane haka. Rakiya na nan da yagaggen shingenta, kuma har gobe kankanarta ta fi tasa girma. Albarka na shan zumarsa, yana ba da labarin ga duk wanda ya zauna. Ƙudan zuma kuma sun harbi Magagi sau biyu, ya ce gaisuwa ce.

Ƙurunƙus, nan ta tsaya.