Baƙon Ɗakin Sama

Masu jakar goyo da ke sauka a gidan Duan Fengying matasa ne: ɗalibai daga birnin Kunming na ƙasar Sin, sababbin ma'aurata, dogayen Turawa masu buga goshi a saman ƙofa. Shi ya sa da ta ɗago daga waken da take ɓarewa ta ga dattijo a tsakar gida, kansa fal furfura, wata jar jaka tana rinjayarsa ta baya, sai ta ɗauka ɗan dako ne.

"Uwar gida, akwai ɗaki?" Harshensa na mutanen arewacin Sin ne, mai kauri.

"Akwai. Ina mai kayan?"

"Ni ne. Ɗakin sama nake so, mai tagar da ke kallon tsauni."

Sai a lokacin ta dubi jakar da kyau, ta ga facin shuɗin ƙyalle a gindinta. Waken ya zube daga cinyarta.

Shekarun baya, cikin damina, wani saurayi ya sauka a wannan ɗakin. Wata safiya ya fita hawan tsauni, ya bar jakarsa jingine da gado, bai dawo ba. Mazan gari, har da mijinta Bao, suka yi ta hawa da karnuka da igiyoyi, har ruwan sama ya koro su. Ko takalminsa ba a gani ba. Daga baya 'yan sanda suka aika jakar gida.

"Sunana Kang," in ji dattijon. "Ni ne mahaifin Dongsheng."

Da ta zuba masa shayi ya faɗi abin da ya hana shi zuwa tuntuni. Ranar da labari ya iske su, uwar yaron ta faɗi, ba ta sake tashi da ƙafafunta ba. Shi ya yi ta jinya, kawun yaron ne ya zo aka yi neman da shi. Bana da bazara ta rasu. Sai ya rufe gida, ya ɗauki jakar, ya biyo garuruwan da ɗansa ya bi.

Kullum da safe yakan fita ya zaga tsohon garin. Ya bi layukan da aka shimfiɗe da dutse, ya tsaya gaban masu rini, ya gangara bakin tafki ya zauna kusa da kwale-kwale. Da rana ya dawo ya ja kujera kusa da Fengying.

"Ƙanwata, me yake ci a nan? Yana dariya? Ya yi zancen gida?"

Abin da ke cin ran Fengying shi ne ba ta tuna fuskar yaron. Ta tuna jakar, ta tuna safar da ya shanya a taga. Amma fuska, wayam. A daminar nan baƙi shiga suke suna fita kamar kasuwa. Ko hoton da Kang ya nuna mata a waya bai motsa mata komai ba.

"Ki faɗa masa gaskiya mana," in ji Bao a madafa, yana shafa wa gwiwarsa magani. "Ke da ko ranar aurenmu kin manta."

"Wannan da gangan na manta. Ka rufe min baki, tsohon banza. Mutum ya ratso ƙasar Sin kaf, in ce masa ban san ɗansa ba?"

Sai ta fara aro daga sauran baƙin da ta tuna. Ta ari dariyar wani ɗalibi, ta ari wani da ya taɓa ɗebo mata ruwa a rijiya, ta ari wani mai wasa da kyanwarta, ta haɗa su ta miƙa wa Kang. Yana saurare, idanunsa a rufe. Ran nan ta dafa kifin tafki da jan barkono da tsami, ta ajiye a gabansa.

"Wannan shi ne abincinsa. Har ƙari ya nema."

Kang ya ajiye tsinken cin abinci a bakin kwano.

"Dongsheng ba ya cin yaji. Ko ƙamshinsa ya ji sai atishawa."

Fuskarta ta ɗau zafi. Bao ya tsura wa shinkafarsa ido.

"Ci gaba, ƙanwata," in ji Kang a hankali. "Wataƙila a nan ya koya."

Washegari Kang ya ba Bao rigar sanyinsa, ya ce ta yi masa nauyi. Da safiyar da ta biyo, Fengying ta hau da tulun ruwan zafi ta tarar da ƙofa a buɗe. An ninke bargo tsaf. Jar jakar tana jingine da gado, daidai wurin da ta taɓa ganinta. Ta taga, gajimare ya riga ya haɗiye kan tsaunin.

Ba ta ko ajiye tulun daidai ba. Ta bi layin ƙofar yamma da takalmin tsakar gida, tana ture masu ɗaukar hoto. A wurin mai gasa gurasa ta cim ma Kang, ana naɗe masa guda biyu.

"Yaya Kang, ina zuwa babu sallama?"

"Iska zan sha."

"To, da ni za a sha."

"Ki koma, kina da baƙi."

"Kai ma baƙona ne. Ɗaya ya fita daga ɗakin nan ban bi shi ba. Ba za a yi na biyu ba."

Ya dube ta, ya juya. Ta bi shi.

Suka wuce gonakin masara, suka wuce kaburburan da ke gindin tsauni, suka shiga cikin dogayen itatuwa. Da ta waiga, tafkin yana can ƙasa, fari fat kamar an shanya ƙyalle. Da ta sake waigawa babu shi. Gajimare ya rufe su, raɓa na ɗiga daga ganye, ba ka ganin abin da ya wuce tsawon hannunka da kaɗan. A inda hanya ta ƙare a bakin wani kwazazzabo, Kang ya tsaya. Ana jin ruwa na gudu a ƙasa, ba a ganinsa. Ya matsa har tsakuwa ta fara gangarawa daga ƙarƙashin takalminsa. Fengying ta kama bayan rigarsa, ta naɗe a hannunta.

"Dongsheng!"

Muryar ta shiga farin nan ta ɓace. Ya sake kira, ya sake, har muryarsa ta dushe, sai iska kawai ke fita.

"Ƙanwata," ya ce da raɗa, "ke kira min shi. Ya san muryarki."

Ta buɗe baki za ta faɗi gaskiya, sai ta ga yadda haɓarsa ke rawa. Ta cika ƙirjinta, ta ƙwala kiran da matan garin ke yi wa mazansu a kan ruwa.

"Dongsheeeng!"

Shiru. Sannan daga can gefen hagu, cikin gajimaren, wata murya ta ce, "Na'am?"

Gashin jikinta ya miƙe. Ta ji Kang ya sandare a hannunta. Busassun rassa suka fara karyewa, taku yana matsowa, wata inuwa tana ƙara duhu. Sai ga wani gajeren mutum mai giɓi, ya haura arba'in, kwandon laimar kwaɗi goye a bayansa, wuƙa a hannu.

"Wa ke nemana? Inna, ke ce? Na ɗauka matata ce ta biyo ni har nan da masifa."

"Sunanka ke nan?" in ji Fengying da ƙyar.

"Tun ranar suna. A ƙauyenmu ma mu uku ne." Ya dubi ƙafar Kang. "Kai, dattijo, ja da baya! Bakin nan zaftarewa yake."

Kang ya ja da baya. Ya daɗe yana kallon mutumin, daga hular kabarsa har takalmin robarsa. Sannan ya zura hannu a aljihu ya fito da gurasa ɗaya.

"Ka ci abinci?"

"Ina fa! Tun asuba nake sama."

Ya karɓa, ya tsuguna, ya ci abarsa da hannu bibbiyu, yana ƙorafin yadda laimar kwaɗi ta yi wuya bana. Kang bai ɗauke ido daga bakinsa ba har ya lashe yatsu.

"Ruwa na tafe," in ji mutumin, yana gyara kwando. "Ku biyo ni, akwai yanke."

Ya shige gaba. Kwandon yana ɓacewa cikin farin yana bayyana, Kang na biye da shi dab da dab, da saurin da Fengying ba ta san yana da shi ba. A wata gangara mai gansakuka ta ji dusasshiyar muryar Kang.

"Dongsheng, yi a hankali. Akwai santsi."

Mutumin bai ko waigo ba.

"To, Baba," ya ce.